Tulun da Na Bari a Kaltungo

Lahadin farko a Hull
na ɗaura zanen zumunta, na kafa ɗankwali,
na bi hasumiyar da nake hange ta taga.
Na tura ƙofa ina shirin durƙusawa,
sai ga kafet a naɗe har rufi.
A gurbin bagade wani yaro da awo a wuya
ya tambaye ni launin da nake so.

Wadda na samu daga baya tana bayan tashar bas.
Mu goma sha huɗu ne har da mai fiyano,
sanyi ya riga kowa zama.
Da fasto ta kai ƙarshen addu'a
na saki Amin irin ta gida,
wuya goma sha uku suka juyo.
Na haɗiye sauran, ta tsaya mini a ƙirji kamar ɗanyen rogo.
Awa ɗaya cif aka tashi.
A wurinmu, lokacin ne mai sanarwa yake gyara murya.

An ba ni shayi da biskit biyu.
Sun yaba zanena, sun ce za a yi ruwa.
Ba wanda ya ce ina gajiya, ina mutan gida.
Gaisuwar da na zo da ita ta rasa masauki,
na maida ta jaka, muka koma ɗaki tare.

Ran Kirsimeti na dafa shinkafa da kaza,
na ƙwanƙwasa wa maƙwabci.
Ya buɗe ƙofa faɗin tafin hannu,
ya ce lafiya, wani abu ya faru ne?
Kwana uku sai ga kwanona a bakin ƙofa, a wanke,
da kati, da sunan da ban iya karantawa ba.

Baba Iliya ya kira da dare.
Tabita, ƙasar da ta kawo mana Littafi,
ai majami'arsu sai dai filin ƙwallo ko?
Na ce Baba, layin ba kyau.

Aikin dare nake a gidan tsofaffi.
Ɗaki na tara akwai Dorin, casa'in da ɗaya,
ta manta sunayen 'ya'yanta,
ni kuma tana kira na da na ƙanwarta da ta rasu.
Ina amsawa. Me zai rage mini?
Wani dare ina wanke mata ƙafa a roba,
ƙafa fara, mara nauyi, kamar ɓawon masara,
sai ta fara gunguni ta hanci.
Hannuna ya tsaya cikin ruwa.
Muryar da muka raka Inna kabari da ita ce,
ranar da Rahila ta buga tulu har tafinta ya fashe.

Ban nemi izini ba, na sa mata kalmominmu.
Ita da harshenta, ni da nawa,
kowa na jan gefensa na zane ɗaya.
Babu tulu, sai na kaɗa gefen roba,
ruwa yana fantsama kan farin takalmina.
Mai duba mu ta leƙo, yatsa a leɓe,
Dorin ta ɗaga hannu ta kore ta
kamar mai korar kaza daga shanya.

Da safe ba ta san ni ba.
Ta ce shayin ya yi sanyi.

Lahadin nan na sa rigar sanyi kan zanen zumunta.
Da aka kai ƙarshen addu'a
na furta Amin a hankali, yadda na koya.
Sai daga bencin baya tsoho Walta,
mai sanda da na'ura a kunne,
ya sake ta da ƙarfi har mai fiyano ta zabura.
Ya dube ni, ya gyara gilashi.
Yanzu mu biyu ake juyowa a kalla.